Disek da LNB uku a kan dish ɗaya: abin da na gani bayan damina ta gwada su

Kaya uku zan yi magana a kansu, kuma tare na saye su a kasuwar Sabon Gari ta Kano: ɗan akwatin nan mai baki huɗu da masu saita dish ke kira disek, da ƙarfen da ake jera LNB a kansa, wato ɗan kan nan da ke gaban dish yana karɓar sigina, da ƙarin LNB guda biyu. Sun ci damina sun ci hunturu a saman gidana, don haka yanzu ina da bakin magana. Disek ya yi aikin da aka ce zai yi. Ƙarfen ne bai yi ba, kuma dalilin rashin yin nasa shi na fi so mai niyyar saye ya sani tun kuɗinsa na aljihu.

Bukatar gidan ce ta kai ni. Uwargida tashoshin Hausa take so, su Arewa24 da na wa'azi, waɗanda muke kamawa a tauraron ɗan'adam na Eutelsat 16A da ke digiri 16 gabas. Hajiya kuwa in dai ba Harami take gani ana ɗawafi ba, to a wurinta talabijin ɗin a kashe take, ga yara da tashoshin MBC. Waɗannan a Badr na Arabsat muke samunsu, digiri 26 gabas, kodayake ba duk layukansa ke iso mu ba, sai waɗanda aka haska wa Afirka. Ni kuma ina leƙa tashoshin Ghana da wasu na Najeriya a Astra, digiri 28.2. Da can sai dai a kira yaro ya hau sama ya juya dish, ko kuma a jera dish uku a katanga, ga wayoyi rututu ta taga.

Yadda disek ke aiki ba wuya. Kowane LNB wayarsa na shiga baki ɗaya, sai waya guda ta fito ta gangara ɗaki zuwa risiba. Idan ka danna tashar da ke wani tauraron, risiba ce ke aika umarni ta cikin wannan wayar, da wani sauti mai kilohaz 22 da kunne ba ya ji, disek ya buɗe bakin da ake so ya rufe sauran. Ba ya bukatar soket, wutar da risiba ke aika wa LNB, bolt 13 ko 18, ita yake sha. Kamfanin Eutelsat ne ya fito da tsarin, a jikin kwali kuma za ka ga an rubuta DiSEqC 1.0 ko 1.1. Na farkon taurari huɗu ne iyakarsa, na biyun yana kaiwa 16. Nawa na 1.0 ne, kuma kusan duk risibar da ke kasuwa yanzu tana jin yarensa. Kuɗinsa bai wuce na LNB ɗaya ba.

A zaune a ɗaki ba ka sanin akwai shi, kuma yabon da zan yi masa ke nan. Idan ka tsallaka daga tashar wani tauraro zuwa ta wani, allon yakan ɗan yi baƙi fiye da yadda aka saba kafin hoto ya fito, amma ba jinkirin da zai sa ka tsaki ba ne. Yana cin sigina kaɗan: na gwada da shi da kuma ba shi, layin inganci ya ɗan sauka. A tasha mai ƙarfi ba ka gane bambanci. Wadda daman da ƙyar take tsayawa, ita ce za ta soma yankewa.

To, ƙarfen. Wanda na saya irin miƙaƙƙen nan ne mai zobba huɗu, da ake ɗaurawa a bakin hannun dish, LNB su jeru gefe da gefe. Hoton da ke kwalin ma haka ya nuna su, a jere reras. Wannan jerin na mutanen Turai ne. Duk taurarin nan a layi ɗaya suke, saitin tsakiyar duniya, wato layin da ya raba ta arewa da kudu, nisan kusan kilomita 36,000. Wanda ke Jamus ko Ingila yana hango layin ne a kwance can ƙasa-ƙasa ta kudu, saboda haka LNB ɗinsa ma a kwance za su jeru, da ɗan karkacewa kaɗan. Mu a Kano digiri 12 ne kacal tsakaninmu da tsakiyar duniya. Layin ta kusa da saman kanmu yake wucewa, ya gangara gabas a tsaye. Eutelsat 16A yana sama da digiri 70 daga ƙasa, Badr wajen 65. Wato a wurinmu bambancin da ke tsakaninsu ba na gefe da gefe ba ne kawai, ya fi ƙarfi ta sama da ƙasa. Idan Badr ne a tsakiya, sai an karkata jerin da fiye da digiri 50 kafin na gefen su ga komai. Ƙarfen da na saya kuwa ramin kusoshinsa ɗan lilo kaɗan ya bari.

Mai saita mini dish, wani matashi da ya goge a sana'ar, juya ƙarfen kawai ya yi a hannu ya ce, "Alhaji, wannan ai sai dai mu ciri zobban mu kai wa mai walda." Haka aka yi. Ya fara saita Badr a tsakiya, don shi ne mai raunin cikinsu a unguwarmu, kuma ƙa'idar ke nan: mai rauni a tsakiya, masu ƙarfi a gefe. Sannan ya riƙe LNB na biyu da hannu yana yawo da shi a gaban dish, idonsa a kan mita, har sigina ta faɗo. Ya auna wurin, aka lanƙwasa rodi daidai da shi. Dish kamar madubi yake, komai a juye yake maido da shi: tauraron da ke yamma LNB ɗinsa gabas za ya zauna, wanda ya fi tsayi a sama nasa ƙasa za ya sauka. Shi ya sa na digiri 16 ya ƙare a ƙasa ta gefen gabas, dab da hannun dish, wajen santimita 15 daga na tsakiya. Kowane LNB kuma da irin murɗawar da yake so a cikin zobensa, ba a yi musu kuɗin goro.

Badr da Astra su suka fi ba da aiki. Digiri 2.2 ne tsakaninsu, wanda a dish mai mita 1.2 irin nawa bai kai santimita 4 ba tsakanin cibiyar LNB da cibiyar ɗan'uwansa. Wuyan LNB na yau da kullum shi kaɗai milimita 40 ne, kansa kuma ya fi haka faɗi. Ba yadda za a yi biyu su zauna a wannan tazara. Sai da aka koma kasuwa aka canjo ɗaya da sirantaccen nan mai dogon wuya, aka manna su kai da kai. Duk da haka Astra bai zauna a ainihin wurinsa ba, ƙarfinsa ne ya rufa masa asiri. Wasu masu saitin sukan tsayar da LNB ɗaya a tsakanin taurarin biyu ya ɗebo daga kowanne. Ana samun hoto, amma da hadari ya taso duka biyun kan tafi tare.

A nan ne zan ja kunnen mai saye game da LNB mai kai biyu a haɗe, wanda disek ɗinsa ke ciki. Yana da kyan gani, ba tarkacen waya. Sai dai yawancinsu an ƙera su ne a kan tazarar digiri 6, domin Hotbird da ke digiri 13 da Astra na 19.2, taurarin da Turawa ke kallo. Ba a buɗa shi, ba a matse shi. In tazarar taurarinka ba ta yi daidai da tasa ba, ka sayi LNB ɗaya ne da kuɗin biyu.

Akwai kuma iyakar da dish ɗaya ba ya wucewa, duk abin da mai shago zai faɗa maka. Iya nisan LNB daga tsakiya, iya raguwar abin da yake samu. Digiri 10 zuwa kowane gefe ana sha lafiya in dish na da girma, daga nan abin sai ya soma lalacewa. Nilesat yana digiri 7 yamma, digiri 33 ke nan daga Badr, ba ma a ɓangare ɗaya na sama suke ba. Mun bar masa tsohon dish ɗinsa, aka jawo wayarsa zuwa baki na huɗu. Disek bai damu da ko LNB ɗin a dish ɗaya suke ko a goma ba, kuma ina ganin wannan ne amfaninsa da mutane ba su cika lura da shi ba. Wanda ya riga ya tara dish biyu ko uku, disek kaɗai yake bukata ya huta da cire waya da mayarwa a bayan risiba.

Damina ce ta nuna mini sauran. Ruwa mai ƙarfi daman yana ɗauke siginar irin waɗannan ƙananan dish, ko LNB ɗaya ne. Abin da ya ƙaru shi ne yanzu bi da bi suke tafiya: na gefe su riga na tsakiya ɗaukewa, su kuma makara wajen dawowa. A ruwan Agusta akwai daren da tashoshin Hausa suka tafi tun ana yayyafi, Harami kuwa yana nan sai da ruwan ya kece. Da dish ɗin mai santimita 90 ne, ina jin abin zai fi haka muni, shi ya sa ba na ba kowa shawarar jera LNB uku a ƙaramin dish. Iskar farkon damina ita ma ta taɓa gusar da rodin, ba wani da yawa ba, amma ya isa tashoshin gefe su ɓace na tsakiya na aiki. Idan ka ga haka kada ka zargi disek, ka duba ƙarfe.

Shi kansa disek ɗin ba shi da ƙwari, kuma na farko da na saya bai ga ƙarshen damina ba. Irin mai arha ne da bakunansa ke waje tsirara, araha kuwa ba ta ado. Ruwa ya bi waya ya shiga, baki ɗaya ya yi tsatsa, daga nan sai ya maƙale a tauraro guda, duk tashar da ka danna ta wani tauraron sai a ce ba sigina. Na biyun mai rigar roba ne, an ɗaure shi a bayan dish bakunansa na kallon ƙasa, an naɗe kowane kan waya da salatif, an kuma bar wa wayoyin ɗan lanƙwasa ta ƙasa don ruwa ya ɗiga kafin ya iso. Har yau lafiya lau. Abu na biyu da ke kashe shi shi ne ɗaura waya ko cire ta alhali risiba na kunne. Kashewa da rimot ba ta wadatar ba, don wasu risibobin ba sa daina aika wuta sama. A zare daga bango tukuna. Tunda ba tsada gare shi ba, ajiye na biyu a durowa ba asara ba ce.

Saitin cikin risiba ɗan aiki ne na rana ɗaya. Kowane tauraro sai ka gaya mata bakin da yake, na ɗaya ko na biyu har na huɗu, wasu kuma A zuwa D suke rubutawa. In ka saɓa, layin ƙarfi zai cika amma na inganci ya tsaya a sifili. Ka rubuta jerin a takarda ka manna a bayan talabijin, don ranar da yaro zai maido da risiba saitin kamfani tana nan tafe. Bayan bincike kuma tashoshi za su taru da yawan da ba mai iya bi, rabi a kulle, wasu an maimaita su, wasu kuma ba na gidan mutunci ba ne. Sai da na zauna na goge na gogewa, na sa wa wasu lambar sirri, na tara na Hajiya a farkon jeri don kada ta riƙa kiran jikoki.

Na ga masu sa mota mai juya dish, wadda ke bin tsarin 1.2 ko USALS. Tana kai ka taurari da yawa da LNB ɗaya, kowanne kuma a tsakiya yake, ba asarar sigina. Amma sai ka jira ta juya duk lokacin da ka canja tauraro, ga nauyin dish a wuyanta lokacin guguwa. Gidan da rimot ke yawo daga hannu zuwa hannu, disek ya fi dacewa da shi.

Abin da har yanzu bai warware mini ba shi ne talabijin ta biyu. Disek ɗaya risiba ɗaya yake yi wa aiki. In ka raba wayar gida biyu, risibobin za su yi ta ja-in-ja a kan baki da kuma wutar 13 da 18, wanda ya canja tasha a falo ya ɗauke wa na ɗaki hoto. Maganinsa LNB masu mafita biyu, da disek na biyu, da wata wayar daban har ƙasa. Uwargida ta riga ta sa a gyara mata wurin talabijin a ɗakinta, ni kuma ina ta cigiyar sirantaccen LNB mai mafita biyu da zai shiga tsakanin Badr da Astra.