Sashen tiyatar yara da ya gano ciwon hanjin ɗana

Ɗana ya kwana biyu a duniya bai yi kashin fari ba, ciki ya kumbura tim kamar ganga, ga koren amai. Surukata ta ce a ba shi jiƙo. Na ƙi, muka nufi asibitin koyarwa.

A sashen tiyatar yara suka ɗauki hoton cikinsa, suka gutsuri ɗan nama daga duburarsa zuwa ɗakin gwaji. Abin da ya burge ni likitar ce. Ta juya katinmu ta zana hanji a bayansa, ta ce: "Maman yaro, ƙarshen hanjin nan ba shi da jijiyoyin da ke tura bayan gida." Cutar Hirschsprung ke nan, tana kama kusan jariri 1 cikin 5,000, maza sun ninka mata sau 4. Ta ce sau da yawa tangarɗar tana cikin ƙwayar gado mai suna RET, shi ya sa ta yi ta tambayar dangi. Nan mijina ya tuna ƙaninsa da ya rasu yana jinjiri da kumburin ciki. Jikina ya yi sanyi.

Nas ɗin dare ta koya mini wanke masa hanji da roba da ruwan gishirin asibiti, ba tsawa ko sau ɗaya.

Amma sakamakon gwajin sai da ya ci mako uku, jakar bayan gida, wadda ake liƙa wa yaro a ciki idan an buɗe wa hanji ƙofa, kuma babu a kantin maganinsu, sai gari. Sun yanke ɓangaren hanjin da ba shi da jijiyoyin sun haɗa, yanzu yaro har tuwo yake ci.