Gargaɗi Kan Mai Tallan Ɗakin Katako da Gilashi a Birnin Kebbi

Jama'a, ina jan hankalinku game da wani mutum da ke tallata aikinsa a Facebook da WhatsApp, yana cewa yana ƙara wa gida ɗakin shan iska na katako da gilashi irin na Ingila. Yayana da ke unguwar Gesse ya faɗa hannunsa, kuma har yau ana ta faman neman kuɗin.

Hotunan da yake nunawa a matsayin aikinsa na Abuja ba nasa ba ne, domin duk wanda ya lura zai ga bututun hayaƙi a kan rufin gidajen, irin na gidajen ƙasashen sanyi. Turawa sun ƙirƙiro irin wannan ɗaki ne don ya tara zafin rana a ƙasar sanyi, alhali mu a nan zafin Afrilu yakan haura digiri 40, saboda haka rufin gilashi zalla tanderu zai zame wa mai gida. Kafinta na gaskiya zai fara tambayar inda rana take faɗuwa, ya ba da shawarar rufin kwano da silin, da tagogi masu buɗewa, da harsashin da zai ɗaga katako daga ƙasa saboda gara. Shi kuwa mai tallan ko awon filin bai yi ba ya nemi rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami, a asusun da ba sunansa ke kai ba.

Ya yi alƙawarin maɗaci, sai ya sauke ɗanyen farin katako da aka shafe da jan fenti, wanda babu maganin gara a jikinsa. Da wani tsohon kafinta ya kankare shi da wuƙa, nan take farin ya bayyana, domin maɗaci ja ne har cikinsa, kuma yana da nauyi. Gilashin ma siriri ne na taga, wanda ba zai jure iskar farkon damina ba. Kafin mako ya zagayo lambarsa ta daina shiga.

Duk wanda ya tunkare ku da wannan talla, ku nemi ya kai ku aikin da ya kammala ku gana da mai gidan, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, kuma kada a biya kuɗin katako sai kafintanku ya duba shi. An riga an kai ƙara wurin 'yan sanda, kuma ana buƙatar sauran waɗanda ya damfara su je da shaidar tura kuɗinsu.