Gargaɗi ga masu tsofaffin Fijo da Landiroba: a kula da masu tallan "maganin giya"

Jama'a, musamman direbobin a-kori-kura da ke jigilar buhuna da dabbobi zuwa Wudil ran Juma'a ko Maigatari ran Alhamis, akwai masu yawo tasha-tasha da ƙauye-ƙauye da jarkoki a bayan babur. Suna sayar da wani mai mai kauri da suke kira "man giya na waje", haɗe da 'yar kwalba da suke cewa tana kashe kukan giyabos nan take. Damfara ce.

Mutum zai tarar da kai ana lodi, ya ce ya ji giyarka na kuka tun daga nesa. Ya tsoma yatsa a mansa ya ɗaga, ka ga yana zarara kamar zuma, ya ce: "Maigida, dubi jiki! Irin wannan ba ka samu a shago." Kuɗin kusan rabin na galan mai hatimi, kuma shi zai zuba maka. Ka tayar, ka ji kukan ya lafa, ka biya. Galibin abin da ke cikin jarkar baƙin mai ne da aka juye daga injin, aka tace da tsumma, aka dama da giris. Wasu har garin katako suke barbaɗawa. Kaurin ne ke toshe ratar da ke tsakanin haƙoran da suka cinye, shi ya sa ƙarar ke raguwa. Haƙoran suna nan a cinye, boris kuma ya daina samun mai, don cakuɗen ba ya bin ƙananan hanyoyin da aka yi wa mai. Ranar da giyar za ta cije a hanya, mai babur ya daɗe da canza kasuwa.

Kauri ba shi ne inganci ba. Lambobin man giya da na injin ma ba ma'auni ɗaya ba ne: man giya mai lamba 90 kaurinsa bai wuce na man injin mai lamba 40 zuwa 50 ba. Wanda ya ɗura 140 a giyabos ɗin ƙaramar mota zai gane kurensa da safiyar hunturu, lokacin da giya ta biyu ta ƙi shiga sai da ƙarfin tuwo.

Ko man na gaske ne, sai an duba rubutun galan. A cikin tsohuwar giya akwai zobban tagulla da makanikai ke kira sinkoro, su ke daidaita gudun haƙora kafin giya ta shiga. Man da aka rubuta wa GL-5 yana da sinadarin farar wuta kusan ninki biyu na GL-4, don dif ɗin baya, wato giyar da ke raba ƙarfi ga tayoyin baya, aka yi shi, inda matsi ya fi yawa. A giyabos mai zafi yana iya cin tagullar a hankali. In littafin motar ya ce man giya, a nemi GL-4. Tsohuwar Landiroba haka take: man giya mai lamba EP90, wajen lita 1.5 a babbar giya, lita 2.5 a akwatin da ke raba ƙarfi zuwa gaba da baya. Fijo 504 mai giya huɗu, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, man injin ne kamfanin ya rubuta wa giyabos ɗinta, lita ɗaya da ɗan ɗori. Tsohuwar Marsandi kuwa jan man nan na ATF, wato man giyar atomatik, take sha. To ta yaya jarka ɗaya za ta yi wa duka ukun?

'Yar kwalbar ma, ko ba jabu ba ce, ba ta da gurbi a nan. Irin waɗannan sinadarai na ƙara santsi ne, zoben tagulla kuwa sai ya ɗan kama yake aiki. In santsi ya yi yawa zoben ya zame, sai ka ji "ƙarrr" duk sa'ad da ka canza giya.

Kafin ka biya, ɗiga man a farar takarda ka bar shi ya bazu. Sabon mai zai bar tabo garai, wanda aka yi aiki da shi zai bar baƙin ɗigo a tsakiya. Shinshina: man giya na gaske yana da warin farar wuta mai hawa kai, kwandem kuwa, wato baƙin man da aka juye daga injin, ƙauri yake da ɗan warin fetur. Ɗiga kaɗan a kan ƙarfe mai zafi, in ya yi tartsatsi akwai ruwa a ciki. A duba zoben murfin galan da takardar da ke liƙe a bakinsa, a karɓi rasit a shagon da gobe za a iya komawa. In galan ya ƙare a huda gindinsa, don shi masu damfarar suke saye su sake cikawa.

Wanda aka riga aka zuba wa kada ya jira. A ɗan zagaya da motar man ya yi ɗumi, a tsaya a wuri mai daidai. A fara kwance notin zubawa kafin na juyewa; in ka juye mai sannan na saman ya ƙi kwantuwa, ka kwana a nan. A tara man a faranti a duba shi a rana. Ƙyalli mai ruwan zinare alamar zobba sun fara ci ne, gutsattsarin ƙarfe kuwa na nufin a sauke giyar. In babu ko ɗaya, a zuba man da ya dace har ya fara tsiyayowa daga ramin zubawa, a tsaya nan, don cikawa fiye da haka kumfa take kawowa ta kuma sa sil yoyo. A yi 'yan kwanaki ana tafiya da shi, a sake juyewa a zuba sabo. Kada a wanke giyar da kananzir sannan a hau titi da ita.