Kulocin Aisin na Hilux: ya cancanci kuɗinsa?

A shagunan kayan mota na Garwa da Marwa za ka samu kulocin Aisin, kamfanin Japan da ke ƙera wa Toyota kaya. A kwalin akwai faifai, farantin matsi da boris. Kama shi da taushi yake, kuma yana jure lodi a hanyar Ngaundere. Sai dai jabu ya yi yawa; duba rubutun jikin ƙarfen, kwali kowa na iya bugawa.

Idan a gida za ka ɗaura, cire batir, ka tokare motar da kyau, kada ka yarda da jak kaɗai. Akwatin giya nauyi gare shi, sai mutum biyu. Gefen faifan mai tudu yana kallon giya. Daidaita shi tsakiya da tsohon shaf na akwatin giya, in ba haka ba akwatin ba zai koma wurinsa ba. Ɗaure kusoshin farantin kaɗan-kaɗan, kana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan.

In ka ga baƙin mai a bayan inji, canza sil ɗin (robar da ke tare mai) tukuna, don mai na sa sabon faifai santsi. Giris kuwa ɗan shafe kawai a haƙoran shaf na akwatin giya. Kilomita 500 na farko a bi shi sannu.