Kur ɗin lissafi na yamma a Bukoki: mushen ya iya aiki, masu wurin ne matsala

Duk mai yaro a aji turwaziyam nan Yamai ya san yadda BEPC, jarrabawar ƙarshen wannan aji, ke hana iyaye barci. Shi ya sa na sa ɗiyata a kur ɗin yamman nan da aka buɗe a wani gida bayan kasuwa. Kuɗinsu dai kun sani, ba sauƙi, amma na ce in za ta gane lissafi ba komai.

Abin da ya fi wahalar da ita shi ne rasin kare, wato alamar nan √, musamman in aka ce a fitar da shi daga ƙasan faraksiyo. A lakol an ba su dabarar ta hardace, amma da an sauya lambobi sai ta rikice. Wata rana na je ɗaukarta da wuri, na tsaya bakin taga. Mushen nasu, wani siriri mai gilashi, ya rubuta 1/√2 a allo, ya ce kowa ya raba 1 da 1,414 (wato kimanin √2) da hannu, ban da kalkilatiris. Yara suka duƙufa, ana gogewa ana sakewa. Can sai ya ce su ninka sama da ƙasa da √2. Aka samu √2/2. Ya ce to yanzu a raba 1,414 gida biyu. Bai rufe baki ba wani yaro ya ce 0,707. Ya ce kun ga amfanin abin ke nan, lambar ba ta canza ba, tunda √2/√2 ɗaya ne, sai dai rabawar ta yi sauƙi, kuma a zamanin baya mutane ba su da na'ura a aljihu. Wallahi duk zamana a lakol ban taɓa jin malamin da ya faɗi dalili ba, sai dai a ce haka ake yi.

Daga nan ya ba su 3/(√5 − √2), ya kira wata yarinya allo. Ta ninka da √5 − √2, ƙasa ya fito 7 − 2√10, rasin yana nan daram. Bai yi mata tsawa ba, bai karɓe allin ba. Cewa ya yi ta juya alamar tsakiya ta sake. Da ta ninka da √5 + √2 sai ƙasa ya koma 5 − 2, wato 3, ukun sama ya tafi da ukun ƙasa, amsa ta rage √5 + √2. Ya tuna musu cewa (a − b)(a + b) = a² − b² da suka yi tun katiriyam shi ne ke aiki a nan. Daren nan ɗiyata ta ce, "Baba, zo ka gani," ta warware 4/(√7 − √3) ita kaɗai a bayan kayenta. Na yi ta yabon wurin a majalisa, har maƙwabcina ya kai nasa biyu.

To amma fa abin bai ɗore ba, kuma da na tuna raina ɓaci yake. Ba sanarwa ba komai, aka sauya mushen, aka kawo wani saurayi da ke riƙe da takardar amsoshi kamar ita ce ransa. Shi dai "ku ninka da konjuge" kawai ya sani, wato lambar ƙasa da aka juya wa alamar tsakiya. Ya ba su 2/(3 + √5), yarinyata ta yi aikinta tsaf, ta rage har ta kai (3 − √5)/2. Ya ja mata jan bik, ya ba ta sifiri, wai a takardarsa (6 − 2√5)/4 aka rubuta. Lamba ɗaya ce fa! Tata ma ta fi tsabta, ita ce ake so a jarrabawa. Ta dawo gida tana kuka tana cewa ashe ba ta iya ba. Wannan ya fi komai ƙona mini rai, don da ƙyar aka samu ta daina tsoron lissafi.

Na je na sami mai wurin, ya ce, "Alhaji, yi haƙuri, mushe ya yi tafiya ne." Tafiyar da har yau ba a dawo ba. Ga kuɗin fotokofi da suke karɓa daban bayan na wata, ga yara huɗu a benci ɗaya cikin zafin nan, in wuta ta ɗauke kuma sai fitilar waya, ko fitilar caji ɗaya ba su saya ba. Maƙwabcina kuwa kullum muka haɗu a masallaci sai ya tambaye ni ina mushen da na yi ta kurantawa.

Na riga na biya na wannan wata, za ta ƙarasa. Na gaba kuwa ko dala ba zan ba su ba sai na ga mai gilashin nan tsaye gaban allo da idona.