Masu rage rassan bishiya da na kira kafin damina, ga yadda aikinsu yake

Duk mai babbar bishiya a tsakar gida ya ɗan tsaya ya karanta. Mu nan Bauchi tun guguwar watan Yunin 2018 da ta yaye rufin gidaje ta tuge bishiyoyi da turakun wuta, da hadari ya haɗo daga gabas sai gaban mutum ya faɗi. Shi yasa bana na nemo wasu samari masu injin yankan itace su duba min darbejiya da turaren da ke gidana.

Gsky abin da ya fara burge ni ogansu bai yi saurin tada inji ba, sai da ya zagaya gindin kowacce yana bubbugawa da bayan gatari yana saurare ko gara ta cinye cikin, don bishiya sai ka ganta kore shar alhali cikinta rami ne. Ya nuna min inda aka datse saiwoyin darbejiyar lokacin haƙa kwata, yace irin wannan da ruwa ya jiƙa ƙasa ta yi laushi iska ta samu ganye cunkus ta tura, shikenan sai ta kife da saiwarta gaba ɗaya. Na ce to a sare mata kai duka mana kowa ya huta, yace Alhaji a'a, tohon da zai fito bayan haka ba ya kama jikin itacen da kyau, shi ne zai fara karyewa. Rage rassan ciki suka yi yadda iska za ta riƙa ratsawa, har ya kawo misalin gawo da ke zubar da ganye da damina. Turaren kuwa ya yi tsawo ga shi dab da wayar wuta, gunduwa-gunduwa suka sauke shi da igiya, ko bulo ɗaya na katanga bai fashe ba wlh.

Inda ban ji daɗi ba, yaron da ke hawa ba bel ba hular kwano, da inji a hannu can sama, hankalina bai kwanta ba sai da ya sauko. Sannan sun bar min dusar katako ta toshe kwata.

Kuɗin da ɗan tsada amma sun rage da na bar musu itacen. Zan sake kiransu in sha Allahu, kawai ku yi cinikin shara tun farko, kuma ku kira su a Maris ko Afrilu kafin hadarin farko.