Yashin aragonit a tankin mbuna: na yaba, amma akwai aiki

Wanda ruwan famfonsa yake saurin yin tsami, kuma yana son kiwon mbuna, ƙananan kifayen nan masu zama cikin duwatsun Tafkin Malawi, yashin aragonit nake ba shi shawara ya shimfiɗa a ƙasan tanki. A ma'aunin tsamin ruwa da ake kira pH, wanda lambarsa take raguwa in tsami ya ƙaru, ruwan tafkin yana tsakanin 7.7 da 8.6 ne. Shi kuwa aragonit sinadarin kalsiyam kabonet ne, da zarar ruwa ya fara tsami sai ya riƙa narkewa a hankali yana dawo da shi daidai. Tunda na zuba shi, awona bai sake faɗuwa ƙasa da 7.8 ba.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne yadda kifayen suke mu'amala da shi. Namijin Melanochromis auratus, wani nau'in mbuna, yakan cika baki da yashi, ya yi iyo zuwa bakin kogonsa, ya furzar, ya koma ya sake ɗebowa, har sai ya haƙa ramin da ya ishe shi. A nan yake jawo mace su yi ƙwai, ita kuma ta kwashe su a baki ta riƙe kusan mako 3 ba ta ci. Da tsakuwa masu kauri ba za ka ga wannan ba, don bakinsu ba ya iya ɗauka. Saboda wannan haƙa ne ma dole a fara ɗora duwatsu a kan gilashin ƙasa kafin a zuba yashi. In aka ɗora su bisa yashi, kifi zai rarake ƙarƙashinsu su rufto.

Wankinsa akwai wahala. Ƙurarsa fara ce fat kamar alli, ko ka ɗauraye shi a bokiti har hannu ya gaji, sai ruwan tanki ya yi hazo kafin na'urar tacewa ta share. Farinsa kuma ba ya rufa asiri, duk kashin kifi a fili yake, su kuwa mbuna masu cin gansakuka ne, kashi ba ya yanke musu.

Kada kuma a ɗauka ya ɗauke wa mutum canjin ruwa. Ni duk mako nake sauya kusan kashi ɗaya cikin uku. Mai ruwan da dama pH ɗinsa ya kai 8, yashin kogi wankakke mai laushi ya wadatar masa.